MATACCE MAI TAFIYA DA ƘAFARSA: Yadda Turancin Abuja Ke Yanka wa Mai Rai Likkafani

Cikin watan Nuwamba na shekarar 2024, sa'ad da ƙasa ta ɗauki zafi a kan ƙudurori huɗu na gyaran dokokin haraji waɗanda Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya, wani gidan talabijin ya nemi jin ta bakin Sanata Ali Ndume, mai wakiltar Kudancin Borno. Sanatan ya yi bayani mai tsawo, amma kalmomi uku ne kaɗai suka kwana a bakin jama'a, watau inda ya ce ƙudurorin "dead on arrival" ne. Kashegari jaridun Turanci suka ɗora su a kanun labari, masu fassara kuwa a ɗakunan labarai na Hausa suka shiga sosa ƙeya. In an bi kalma da kalma, sai a ce ƙudurorin matattu ne a lokacin isowa, maganar da ba ta da daɗin ji ko kaɗan a kunnen Bahaushe. In kuwa an bi manufa, abin da Sanatan ke nufi shi ne an yi ɓarinsu tun ba a haife su ba.

Asalin wannan magana daga asibiti take. Likitocin Amurka su ne kan rubuta ta a takardar majinyacin da rai ya yi halinsa a hanya, aka isa da shi asibiti ba sauran abin yi sai wanka da sutura. A asibitocin Nijeriya an fi rubuta "brought in dead", ma'ana gawa aka kawo. 'Yan siyasar Amurka suka ari maganar, ta yi tashe ƙwarai a zamanin Shugaba Ronald Reagan cikin shekarun 1980, lokacin da 'yan majalisa kan yi wa kasafin kuɗinsa wannan laƙabi tun takardun ba su gama shiga zaure ba. Daga can ta ƙetaro teku, ta sami masauki a Abuja.

To, amma fa gawar da Sanata Ndume ya ba da sanarwa ba ta yarda an binne ta ba. Gwamnonin Arewa sun yi taro a Kaduna sun nuna rashin yarda, Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta ba da shawara a janye ƙudurorin, aka yi ta jan zare, aka yi musu kwaskwarima, daga bisani majalisun biyu suka zartar da su, Shugaban Ƙasa ya sa hannu ran 26 ga watan Yuni na 2025. Akwai kuma inda irin wannan duba ya ci. Ƙudurin gyaran tsarin mulki wanda zai ba Cif Olusegun Obasanjo damar yin tazarce, Majalisar Dattawa ta yi masa jana'iza ran 16 ga watan Mayu na 2006, Sanata Ken Nnamani na bisa kujera, bai kuwa sake motsi ba. Mai karatu zai lura da cewa wanda ya kira abu matacce a fagen siyasa, sau da yawa fatansa yake faɗi, ko kuma yana neman tsorata masu niyyar kusantar abin. Labarin gaskiya sai daga baya yake zuwa.

GARIN DA TURANCI YA ZAMA GADA

Ba abin mamaki ba ne irin waɗannan maganganu su yi yawa a Abuja. Tun daga ran 3 ga watan Fabrairu na 1976, da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar ƙirƙiro sabon babban birni, zuwa ran 12 ga watan Disamba na 1991 da aka taso daga Ikko, an gina garin ne domin ya zama na kowa. Gwari da Koro da Gade da Hausawan Suleja da aka tarar a yankin, sai ga Yarabawa da Ibo da Tibi da Barebari da Fulani sun cika ma'aikatu. Abin da ya haɗa su shi ne Turanci, kuma Turancin nan hawa-hawa ne. Akwai na takardar ofis, akwai na jarida, akwai na fina-finan Amurka da samari ke kwasa daga wayar hannu, sa'an nan ga Burokan na tasha da kasuwa. Kowane hawa yana da tasa hanyar cewa mutum tasa ta ƙare.

Matsalar da ke ciki ita ce makaranta ba ta koyar da waɗannan kalmomi. Ɗalibi zai ci jarrabawar Turanci da kyau, ya kama aiki a Sakatariyar Tarayya, ran nan abokin aikinsa ya leƙo ya ce masa maigidansu "is toast", shi kuwa ya tsaya yana tunanin abin da ya haɗa darakta da gasasshen burodi.

Wannan kalma ta "toast" ta cancanci a dakata a kanta, don kuwa ta fi sauran rikitarwa. Ma'anarta ta ƙamus ita ce yankan burodi da aka gasa. Tana kuma nufin ɗaga kofi a wurin liyafa domin yi wa wani fatan alheri. A Turancin Nijeriya ta sami ma'ana ta uku wadda Baturen Ingila bai san da ita ba, watau tsara budurwa da daɗin baki. Saurayi a Wuse in ya ce yana "toasting" wata, zance yake zuwa. Ma'ana ta huɗu ita ce ta halaka, kuma ba tsohuwa ba ce. Masu bin diddigin kalmomi, har da na babban ƙamus na Oxford, suna danganta ta da wani fim na ban dariya mai suna Ghostbusters wanda ya fito a Amurka cikin 1984, inda ɗan wasa Bill Murray ya jefa kalmar da ka a kan wata aljana da za su harba da wuta. Hikimar a fili take: burodin da ya sha wuta ba ya komawa ɗanye. Saboda haka kalma guda, a cikin ofis guda, tana iya zama karin kumallo, ko addu'a, ko soyayya, ko kuwa sanarwar cewa kashin mutum ya bushe. Ƙaramin harafi ne ke raba su. Wanda ake "toasting" ana sonsa, wanda ya zama "toast" an gama da shi.

DAGA MADAFA ZUWA KURKUKU

Abin lura ne yadda Bature ke yawan komawa madafa in zai yi zancen halaka. Akwai tsohuwar magana da ke cewa "his goose is cooked", watau an dafa dinyarsa. Wasu kan ba da labari cewa ta samo asali daga wani malamin addinin Kirista na ƙasar Cek mai suna Jan Hus, wanda aka ƙona da rai a garin Konstanz ran 6 ga watan Yuli na 1415, kuma sunansa a harshensu yana kama da sunan dinya. Labarin da daɗi, sai dai maganar ba ta bayyana a rubuce cikin Turanci ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 19, fiye da shekara 400 bayan toka ta huce, don haka masana ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Abin da ya tabbata shi ne ma'anar. Kuma in Bature ya ce mutum ya dafa dinyarsa da kansa, to nan ya yi kiciɓis da Bahaushe, wanda tun kaka da kakanni yake cewa wane ya ɗebo ruwan dafa kansa. Da wuya a sami fassarar da ta zauna daram kamar wannan.

Yaran zamani sun yar da dinyar sun riƙe tukunyar. Cikin 'yan shekarun nan ɗalibai a Gwagwalada da sauran makarantu, kamar takwarorinsu na duniya, sukan ce "I am cooked" in jarrabawa ta matso ba su yi karatu ba, ko in ƙungiyar ƙwallon da suke goyon baya ta sha kashi. Iyaye su yi hattara da wani tarko a nan. In aka ce yaro "is cooking", yabo ne, ana nufin yana zuba gwaninta, a ƙyale shi ya ci gaba. In aka ce "is cooked", ya shiga uku. Mai dafawa da wanda aka dafa ba ɗaya ba ne, ko a Turanci ko a Hausa. Daga wannan madafa kuma aka sami "dead meat", naman da aka riga aka yanka, wadda ta fi sauran kaushi, kuma ita ce 'yan daba a fina-finai suka fi furtawa in za su yi barazana.

Kalmar da ta fi kowace tsufa da sauƙi ita ce "goner", daga kalmar da ke nufin tafiya, watau tafiyayye, wanda ya riga ya wuce ko da ana ganinsa a tsaye. Amurkawa ke amfani da ita tun tsakiyar ƙarni na 19. A kunnen Bahaushe sautinta kamar an ce gona, har wani ya zaci ana yi wa mutum albishir da filin noma. Ana faɗinta ga mutum, da dabba, da tsohuwar mota, da shukar da ta ƙi ruwa. Tana da taushi fiye da sauran, domin mai faɗinta ba shi ne zai yi kisan ba, abin da ido ya gani yake bayarwa, wani lokaci ma cikin tausayi.

Wadda ba ta da taushi ko kaɗan ita ce "dead man walking", matacce mai tafiya. An ce kira ne da gandurobobi kan yi a wasu gidajen kurkukun Amurka sa'ad da suka fito da wanda aka yanke wa hukuncin kisa, domin a kauce daga hanya. Duniya ta san maganar ne daga littafin wata mai hidimar cocin Katolika, Helen Prejean, wanda ya fito cikin 1993 da wannan suna, a kan fursunonin da ta riƙa ziyarta a jihar Luwiziyana kafin a kashe su, da kuma fim ɗin da aka yi da shi cikin 1995. 'Yan siyasa ba su ɓata lokaci ba suka wawure ta. Bayan zaɓen Ingila na watan Yuni na 2017, wanda Firayim Minista Theresa May ta rasa rinjaye a majalisa, George Osborne ya fito a talabijin ya kira ta matacciya mai tafiya. Wanda bai san tarihinsu ba zai ɗauka nazari ne na masani. Alhali kuwa shekara guda kafin nan ita ce ta sallame shi daga kujerar Ministan Kuɗi. Matar ta ci gaba da tafiyarta har shekara biyu, ba ta sauka ba sai cikin Yuli na 2019. Da Bahaushe ne ke ba da labarin, da sai ya ce gawa ta ƙi rami.

GURGUWAR AGWAGWA DA ƁAWON AYABA

Akwai wasu kalmomin da suka zama 'yan gida a tsakanin fadar Aso Rock da Majalisa. Ɗaya ita ce "lame duck", gurguwar agwagwa. A kasuwar hannun jari ta London aka fara faɗinta cikin ƙarni na 18, ga dillalin da ya kasa biyan bashi. Daga baya Amurkawa suka laƙaba ta ga shugaban da ya faɗi zaɓe ko wa'adinsa ya zo ƙarshe, amma bai riga ya miƙa mulki ba. Abin ya dame su har suka gyara tsarin mulkinsu cikin 1933, suka dawo da ranar rantsar da shugaba daga watan Maris zuwa 20 ga Janairu, don a rage kwanakin ɗingishi. Abuja ta ga irin wannan da idonta cikin 2015. Daga ran 31 ga watan Maris, da Shugaba Goodluck Jonathan ya buga waya ya amsa kaye, zuwa ran 29 ga watan Mayu, ikon yana hannunsa a takarda, amma motocin masu neman alfarma sun riga sun juya kai zuwa wata ƙofar. Gurguwar agwagwa tana da sauran numfashi. Wadda ake kira "dead duck" ita ce ba ta da shi, "sitting duck" kuwa ita ce wadda ta zauna a fili maharbi na saitinta.

Ta biyu ita ce ɓawon ayaba, "banana peel", wadda 'yan jarida suka manna wa kujerar Shugaban Majalisar Dattawa a farkon wannan Jamhuriya. Evan Enwerem ya hau cikin Yuni na 1999, aka tsige shi cikin Nuwamba. Dokta Chuba Okadigbo ya gaje shi, bai cika shekara ba aka tsige shi cikin Agusta na 2000. Adolphus Wabara ya yi murabus cikin Afrilu na 2005. Mutum biyar suka zauna a kujerar cikin shekara takwas. A wancan zamani in jarida ta rubuta cewa wane ya taka ɓawon ayaba, kowa ya san sai a fara neman magajinsa.

Tsofaffin ma'aikata kuwa, waɗanda suka yi aiki a Ikko da Kaduna kafin a dawo Abuja, suna da tasu kalmar da har gobe takan sa gabansu ya faɗi, ko da yake ba karin magana ba ce. Ita ce "with immediate effect", watau nan take. Cikin 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawa daga cikinsu a rediyo suka ji sunansu tare da waɗannan kalmomi uku. Tun daga lokacin maganar ta fita daga takardar gwamnati ta shiga bakin jama'a, har uwar gida takan kori ɗan aiki da ita.

NA GIDA

Turancin tasha bai tsaya jiran aro daga waje ba. Mai Buroka in ya ce "him own don finish", fassarar tasa ta ƙare ce tsaf, har mutum ya rasa wa ya ara daga wani. In ya ce "water don pass garri", yana nufin ruwa ya fi ƙarfin gari, abin ya wuce gyara. Akwai "e don cast", asiri ya tonu, da "yawa don gas", rigima ta ɓarke. Amma wadda ta fi kowace nauyi a Abuja ita ce "one chance", wadda Hausawan garin ke kira wan-cans.

Asalinta kiran kwandasta ne, yana shelar cewa saura gurbin mutum ɗaya mota ta tashi. 'Yan fashi suka mai da kiran tarko. Su cika mota da mutanensu kamar fasinjoji, su bar gurbi guda, wanda tsautsayi ya rutsa da shi ya shiga, a kulle ƙofa, a ƙwace waya da katin banki, a tilasta masa faɗin lambar sirri, sa'an nan a wurgo shi waje, wani lokaci mota na cikin gudu. Daga Ikko abin ya faro, amma mazauna Abuja da ke tsayuwar neman mota da magariba a Bega, ko Eriya Wan, ko hanyar Kubwa, ko ta Lugbe, ko ta Nyanya da Mararraba, sun san shi farin sani, kuma an yi asarar rayuka ta wannan hanya. Daga nan maganar ta faɗaɗa. Yau wanda ya auri masifaffiya, da wanda ya zuba kuɗinsa a kasuwancin bogi, da talakan da ya zaɓi ɗan siyasa ya yi da-na-sani, duk akan ce sun shiga wan-cans. Tsakanin duk kalmomin da aka ambata, ita kaɗai ce mai faɗinta cikin raha zai iya gamuwa da ainihinta kafin ya isa gida.

Hausa ma ta karɓi baƙi. Samari sukan ce wa juna "sunanka sori", wadda suka ɗauko daga Buroka. A labaran rediyo akan ji an ce wane ya zama tarihi, wadda fassara ce kai tsaye daga "he is history". Wannan ta ƙarshen tana da ɗan ruɗani, domin a Hausar dattawa kafa tarihi abin alfahari ne, ga shi kuma zama tarihi ya zama abin gudu.

Alhali kuwa rumbun Hausa cike yake. Ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ga dubunsa ta cika, wadda ta fito daga rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ga ƙaryarsa ta ƙare, ga alkadarinsa ya karye, ga kaza ta tono wuƙar yanka kanta. Sai dai in mai karatu ya duba da kyau zai ga kusan dukkansu a kan mai laifi ko mai girman kai ake faɗinsu, mutumin da halinsa ya ja masa. Inda Bahaushe ke ja da baya shi ne bakin gadon majinyaci. Baturen da ya leƙa maras lafiya yana iya fitowa ya raɗa wa abokinsa cewa wannan "goner" ne, ba wanda zai ga baƙinsa sosai. Bahaushe kuwa iyakarsa ya ce jiki ya yi tsanani, ko ya ce sai addu'a, domin a wurinsa yanke wa mai numfashi kwana shisshigi ne cikin abin da Allah kaɗai ya sani, kuma mugun baki ne wanda dangi ba za su manta da shi ba. Wannan bambanci ne ke sa fassarar kai tsaye ta zama zagi a inda mai maganar wasa kawai ya nufa.

INDA WASA KE ZAMA SHARI'A

Wani zai ce duk wannan zancen fatar baki ne. Tarihin kotunan Ingila ya nuna akasin haka. Ran 2 ga watan Nuwamba na 1952 'yan sanda suka ritsa samari biyu a kan rufin wani ɗakin ajiya a Croydon, kudu da London. Ɗaya, Derek Bentley, ɗan shekara 19, ya riga ya shiga hannu. Ɗayan, Christopher Craig, ɗan shekara 16, yana riƙe da bindiga. 'Yan sanda suka shaida wa kotu cewa Bentley ya ɗaga murya ya ce "let him have it". A Turancin ƙamus, ma'anar ita ce miƙa masa abin, watau ba ɗan sanda bindigar. A Turancin 'yan iska kuwa, ma'anar ita ce ɗirka masa. Craig ya yi harbi, daga baya ɗan sanda Sidney Miles ya mutu. Samarin biyu sun musa cewa an ma yi maganar. Craig ya tsira daga igiya saboda ƙuruciya, Bentley kuwa, wanda bai taɓa kunamar bindiga ba, aka rataye shi ran 28 ga watan Janairu na 1953. Sai cikin 1998, bayan shekara 45, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin.

A nan gida an ga yadda abin ke juyawa ta ɗaya ɓangaren, daga Hausa zuwa Turanci. Cikin watan Mayu na 2012, a Kaduna, Janar Muhammadu Buhari ya gaya wa magoya bayansa da Hausa cewa in aka maimaita abin da ya faru a zaɓen 2011 cikin 2015, to za a yi kare jini biri jini. Kowane Bahaushe ya san karin maganar, ana faɗinta ko a dambe ko a ƙwallo, ma'anarta karon da ba wanda zai fita salin-alin. Jaridun Turanci suka fassara ta da cewa kare da gwaggon biri za su jiƙe da jini, fadar Shugaban Ƙasa da jam'iyyar PDP suka yi ca, maganar ta bi shi har zaɓen 2015. Masu kare shi suka ce karin magana ce kawai. Masu sukarsa suka ce a ƙasar da aka kashe ɗaruruwan mutane bayan zaɓen 2011, ba a wasa da ambaton jini. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, kuma fassarar ce ta ba wutar iska.

Doka a Abuja ba ta yi shiru a kan irin wannan ba. Kundin Final Kod, wanda ke aiki a Babban Birnin Tarayya kamar yadda yake a jihohin Arewa, ya tanadi laifin tsoratarwa a sashe na 396 da na 397, kuma in barazanar ta kisa ce ko ta mummunan rauni, ɗauri yana iya kaiwa shekara bakwai. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara cikin 2024, ta tanadi a sashe na 24 hukunci mai tsanani ga wanda ya aika saƙon da ya jefa wani cikin tsoron kisa ko duka. Saƙon waya ba shi da murmushi, ba shi da sautin murya. Abin da aboki zai faɗa wa aboki a teburin mai shayi a yi dariya, in an rubuta shi ga wanda ake rigimar fili ko bashi da shi, ya zama takardar shaida. Nan ne ya kamata a san bambancin da ke tsakanin "he is finished", wadda labari ce a kan wani, da "you are finished", wadda gargaɗi ce, da kuma "I will finish you", wadda alkawari ce mai ɗauke da sunan mai cikawa.

Tsarin mulkin ƙasa, a sashe na 36, ya ba duk wanda ake tuhuma haƙƙin a samo masa tafinta kyauta in bai jin harshen da ake shari'a da shi. A kotunan majistare na Wuse da Karu da Kubwa, sau da yawa wannan aiki kan faɗa kan akawun kotu ko wani ma'aikaci da aka san yana jin Hausa. In lauya ya karanta saƙon da ke cewa "you are dead meat", dattijon da ke tsaye a akwati zai juya ya dubi tafinta. Tafintan na iya cewa "kashinka ya bushe", abin da uwa ma kan faɗa wa ɗanta in ya fasa tulu. Yana kuma iya cewa "sunanka gawa". Amsar da dattijon zai bayar, da abin da alƙali zai rubuta a littafinsa, duka suna rataye ne a kan wadda ya zaɓa.